Yadda Ake Fita Gudu a Garin da Ba Ka Sani Ba, Daga Haɗa Jaka Har Dawowa Masauki

Jama'a da yawa suna ta tambayata abu ɗaya: mutum ya saba da gudunsa na safe, sai tafiya ta kama shi zuwa wani gari, ko aiki ko taro ko ziyara, to yaya zai yi? Wasu kawai ajiye takalmin suke yi har su dawo, wasu kuma su fita kai tsaye ba shiri su afka cikin wahala. Duka biyun akwai gyara. Abin da nake so ku riƙe tun daga farko shi ne, gudu a baƙon gari ba wurin nuna sauri ba ne, kuma rabin aikin ana gama shi ne kafin a ɗaura igiyar takalmi. Baƙo ko da ido makaho ne, to ga yadda za ka samo wa kanka ido, mataki mataki.

1. Haɗa jaka

Takalmin da ƙafarka ta saba da shi za ka ɗauka. Kada ka sayi sabo don tafiya, sabon takalmi yana buƙatar a ɗan yi gajerun gudu da shi tukunna, in ba haka ba bororo zai fito maka a diddige a rana ta farko, sauran kwanakin kuma ko tafiya zuwa wurin aikin da ya kai ka sai ta zama azaba. Haka kuma kada ka kwaso wanda ya mutu murus, yawancin takalman gudu suna fara rasa laushinsu ne tsakanin kilomita 500 zuwa 800.

In jirgin sama za ka hau, ka sa takalmin a ƙafa ko a jakar hannu. Babbar jaka tana iya yin latti ko ta ɓata, riga da wando ana samunsu ko ina, amma takalmin da ya dace da ƙafarka ba lallai ba.

Sauran kaya ba su da yawa: riga biyu da wando biyu masu saurin bushewa (ba auduga ba, auduga tana shan gumi ta ƙi bushewa a ɗaki), safa uku, hula, ɗamarar kugu mai zif wadda waya za ta shiga, ƙaramar gorar ruwa, leda guda biyu don jiƙaƙƙun kaya, man shafawa na hana gogayya a cinya da hammata, da cajar agogo in kana amfani da agogon GPS mai auna nisa da hanyar gudu. Cajar agogon nan ita aka fi mantawa, kuma kowane kamfani da irin tasa, da wuya ka samu aro.

Gargaɗi: a yawancin filayen jirgi ruwa ko mai a jakar hannu ba ya wuce mililita 100 a kowace kwalba, don haka gorar ta shiga babu komai a ciki. Fawa banki kuma a jakar hannu yake tafiya, ba a saka shi a babbar jaka.

2. Binciken garin kafin ka isa

Abubuwa huɗu za ka duba, kuma minti goma sun isa: yanayi, lokacin fitowa da faɗuwar rana, tsayin garin daga teku, da tsabtar iska.

Lokacin rana yana ba mutane mamaki. A Landan a watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8 na safe kuma kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi, a watan Yuni kuwa kafin ƙarfe 5 gari ya waye. Wanda ya ce "ƙarfe 6 nake fita" ba tare da ya duba ba zai iya samun kansa cikin duhu ƙirin a titin da bai taɓa takawa ba.

Tsayin gari kuma shi ne wanda ya fi kama mutane ba zato. Addis Ababa tana sama da mita 2,300 daga teku, birnin Meziko kusan mita 2,240, Bogota wajen mita 2,600, Nairobi da Johannesburg tsakanin mita 1,700 zuwa 1,800. A irin waɗannan wuraren iskar da ke shiga jini tana raguwa, gudun da ka saba yi kana hira sai ka ji kana haki kamar yau ka fara. Ba lafiyarka ce ta taɓu ba, wurin ne. Ka rage sauri sosai a kwanakin farko, in kai ya fara sarawa ko jiri ya zo ka koma tafiya.

Tsabtar iska ana auna ta da ma'aunin AQI, yawancin manhajojin yanayi suna nuna shi. Daga 0 zuwa 50 iska mai kyau ce, 51 zuwa 100 ba laifi, daga 101 zuwa 150 mai asma ko ciwon zuciya ya yi hattara, in ya haura 150 gaskiya kowa ma ya haƙura da gudun waje. Mai gudu yana zuƙar iska ninki da yawa fiye da mai zaune, to duk dattin da ke cikinta shi ma ninki yake shiga. Garuruwa irin su Delhi a lokacin sanyi sukan wuce wannan layin nesa ba kusa ba.

In kai ne mai zaɓen masauki, ka buɗe taswira ka nemi wanda yake kusa da kore ko shuɗi, wato lambu ko bakin ruwa. Wannan zaɓin kaɗai yana warware rabin matsalolin da ke ƙasa.

3. Zana hanya

Nan ne zan daɗe, don nan ne ainihin aikin yake.

Fara da Google Maps. Nemo masaukinka, sannan ka duba me ke kewaye da shi cikin kilomita 2. Abin da kake nema shi ne wurin da za ka yi gudu mai tsawo ba tare da tsallaka titi kowane minti ba: babban lambun shaƙatawa, hanyar bakin kogi, bakin teku, gefen tafki, ko filin wasa da aka buɗe wa jama'a. Bakin kogi shi ne sarki a wurina, saboda ba ya ɓatar da mutum, ruwa yana damanka a tafiya, yana hagunka a dawowa, shi kenan. Manyan birane da yawa suna da sananniyar hanyar masu gudu, misali zagayen Central Park a New York kusan kilomita 10 ne, zagayen fadar sarki a Tokyo kuma kusan kilomita 5 babu danja ko ɗaya a kan hanyar. In garin yana da irin wannan, kada ka wahalar da kanka da ƙirƙirar sabuwa, bi ta mutane.

Daga nan ka buɗe taswirar Strava, manhajar da masu gudu da masu keke suke ɗora hanyoyin da suka bi, mai nuna inda mutane suka fi bi. Layin da ya yi haske sosai yana nufin ƙafafu da yawa sun taka wurin, layin da ya dushe ko babu shi gaba ɗaya yana da dalilinsa ko da kai ba ka san dalilin ba. Sai dai ka tabbatar ka zaɓi na gudu ba na keke ba, don hanyar da ta yi wa mai keke daɗi tana iya zama babban titi marar gefen tafiya. Kuma taswirar ba ta gaya maka ƙarfe nawa suka bi wurin, hanyar da take cike da mutane da yamma tana iya zama wayam da asuba.

Sai mataki na uku wanda yawanci ake tsallakewa: shiga Street View, wato hotunan tituna da ke cikin Google Maps, ka "taka" hanyar da ido. Duba ko akwai gefen tafiya, ko akwai fitilun titi, ko gada tana da wurin masu ƙafa, ko lambun yana da ƙofa da ake kullewa. Taswira tana iya nuna maka lambu a kusa, mita 300 kacal, amma tsakaninku akwai babbar hanya mai layi shida da shingen ƙarfe, mashigar kuma tana can kilomita guda gaba. Ka kuma duba kwanan watan hoton, yana rubuce a jiki, in ya yi shekaru to abubuwa sun iya canzawa.

Siffar hanya: a fitar farko ka yi je-ka-dawo, wato ka miƙe ka juyo ta inda ka bi. Zagaye yana da daɗi amma yana da kwana da yawa, kuma in ka gaji a tsakiya ba ka san ta ina ya fi kusa ba. Ka ƙirga kwanonin hanyarka, in sun wuce huɗu ko biyar ka sauƙaƙa ta, kai mai gajiya ba ya riƙe lissafi. In masaukin yana tsakiyar cunkoso, babu laifi ka hau bas ko jirgin ƙasa ko tasi zuwa lambun ka yi gudunka a can, ya fi ka ɓata minti ashirin kana kauce wa motoci.

A ƙarshe ka sauke taswirar yankin a waya tun kana da wayfay, ka sa alama a kan masaukin, ka ɗauki sikirinshot na hanyar. Ɗigon shuɗin nan da ke nuna inda kake yana aiki ko babu data, don da tauraron ɗan adam yake magana.

Gargaɗi: taswirar Google da aka sauke ba ta ba da kwatancen masu tafiya a ƙafa in babu intanet, na mota kawai take bayarwa. In kana son kwatancen ƙafa ba data, sauke Organic Maps ko makamanciyarta ma.

4. Tambayi ɗan gari

Matambayi ba ya ɓata, amma fa sai ya iya tambaya. Kada ka ce wa ma'aikacin risefshan "nan akwai tsaro?", zai ce maka e don kada ya ɓata sunan unguwarsu, ko ya ce a'a don kada a ɗora masa laifi. Nuna masa hanyar a waya ka ce, in kai ne za ka bi nan da ƙarfe 6 na safe? Ina ne ba za ka bi ba? Ina kake ganin masu gudu? Mai gadin ƙofa sau da yawa ya fi kowa sani, don shi yake tsaye a waje da sassafe yana ganin masu wucewa. Wasu otal ɗin ma suna da 'yar taswirar gudu da suka buga, sai ka tambaya suke fito da ita.

Shagon sayar da takalman gudu shi ma wuri ne mai kyau, masu aiki a ciki yawanci 'yan gudu ne kuma sun san ƙungiyoyin da ke fita tare. In tafiyarka ta haɗa da Asabar, duba ko akwai parkrun a garin. Gudu ne na kilomita 5 da ake yi kyauta kowace safiyar Asabar, ya faro ne a 2004 a Bushy Park da ke Landan, yanzu yana ƙasashe sama da 20 har da Afirka ta Kudu, Ostareliya, Jamus da Japan. Rajista sau ɗaya ake yi a intanet a ba ka lambarka, da ita za ka shiga ko ina. Ga baƙo babu abin da ya fi wannan sauƙi, hanya a shirye, mutane a kewaye, masu nuna kwana a tsaye.

'Yar uwa, ke kuma ki nemi mace ki tambaya, ko cikin ma'aikatan masaukin ko a ƙungiyar gudu. Amsar da namiji zai bayar game da wata hanya ba lallai ta zama amsar da ta shafe ki ba, kuma ki tambayi irin shigar da mata masu gudu suke yi a garin, kowane wuri da abin da idonsa ya saba gani.

5. Zaɓen lokaci

Mafi kyau shi ne bayan gari ya waye tas, kafin motoci su cika titi. Akwai haske, akwai sanyi, masu shara da masu buɗe shago da sauran 'yan gudu suna waje. Fitar farko kam kada ta zama cikin duhu ko da wane irin suna garin ya yi wajen zaman lafiya, ramin da ba ka gani ba ma ya isa ya karya maka idon sawu.

In doguwar tafiya ka yi ta jirgi kuma agogo ya canza, jiki yana ɗaukar kamar kwana ɗaya kan kowace awa ta bambanci kafin ya daidaita. Ranar da ka sauka tafiya ta minti 20 zuwa 30 ta wadatar, kuma tafiyar nan ka yi ta a farkon hanyar da ka zana, ka ga ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Gargaɗi mai muhimmanci: in bayan dogon zama a jirgi ko mota ka ga sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura, tana ciwo, ta yi zafi ko ta canza launi, kada ka ce bari in yi gudu ta sake. Yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya, wannan na asibiti ne nan take, musamman in numfashi ya fara yin wuya ko ƙirji yana ciwo.

Zafi kuma, jiki yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da zafin da ya fi wanda ya sani, kai kuma wataƙila kwana huɗu za ka yi. To ba za ka saba ba, ka karɓi hakan ka rage nisa. Gari mai laima ya fi busasshe haɗari, don gumi ba ya bushewa balle ya sanyaya jiki.

6. Abin da za ka fita da shi

Waya mai caji sama da rabi. Katin masauki mai adireshi, wanda ake ajiyewa a risefshan, in rubutun garin daban ne da wanda ka iya to katin nan shi ne bakinka a wurin direban tasi. Ɗan kuɗin ƙasar da zai isa tasi da ruwa, ko katin banki ɗaya, ba duka walat ba. Shaida, ko kwafin fasfo. Wata 'yar takarda mai sunanka, lambar wanda za a kira, da duk wata cuta ko magani da likita ya kamata ya sani.

Maganar fasfo ka bincika dokar ƙasar, a Japan misali doka ta ce baƙo ya riƙe ainihin fasfonsa a jikinsa. In haka ne ka sa shi a leda mai zif kafin ya shiga ɗamara, gumi yana lalata fasfo.

Ka haddace lambar gaggawa: 112 a duk ƙasashen Tarayyar Turai, 999 a Birtaniya, 911 a Amurka da Kanada, a Japan 110 ta 'yan sanda 119 ta motar asibiti. Sauran ƙasashe ka duba kafin ka fita.

Sannan ka gaya wa wani inda za ka da lokacin dawowarka. WhatsApp yana barin ka raba lokeshan kai tsaye na minti 15, awa 1 ko awa 8, zaɓi awa 1 ka tura wa abokin tafiya ko wani na gida. Sarƙa, zobe mai tsada da duk abin da ke ƙyalli su zauna a ɗaki.

7. Minti goman farko

Da ka fito ƙofa, tsaya. Juya ka kalli ginin masaukin, ka ga me ke gefensa, wane launi ne, wane dogon gini ne a bayansa, ka ɗauki hoto in ka so. Gini daga ciki daban ne daga waje, mutane da yawa suna dawowa har layin su wuce ƙofar. Wannan tsayuwar kuma tana ba agogon GPS damar kama sigina, a sabon gari yakan ɗauki 'yan mintoci.

Fara da tafiya, sannan sassarfa. A cikin wannan lokacin ka gano ta ina motoci suke zuwa. A Birtaniya, Japan, Indiya, Kenya, Afirka ta Kudu da Ostareliya a hagu ake tuƙi, a Amurka da yawancin Turai a dama. Wuyanka ya saba juyawa gefe ɗaya kafin tsallaka titi kuma ba zai canza cikin kwana biyu ba, don haka dokar ita ce ka duba ɓangarori biyu, sau biyu, a kowace mararraba, ko da titin mai hannu ɗaya ne. Inda babu gefen tafiya ka yi gudu kana fuskantar motoci, ka ga abin da ke zuwa.

Ka lura da layin keke. A Amsterdam da Kopenhagen layin keke titi ne na gaske, masu keken suna gudu sosai kuma ba sa tsammanin ganin mutum a ciki. Jiragen cikin gari masu bin dogo a kan titi su ma ba su da ƙara sosai kuma ba sa iya kaucewa. A wasu ƙasashe kamar Singafo da Jamus tsallaka titi ba bisa ƙa'ida ba yana iya jawo tara, jira danja ta ba ka hannu ko da babu mota.

8. Cikin gudun

Yi gudu a saurin da za ka iya magana. Ka cire maganar kafa tarihi daga ranka, fitar farko leƙen hanya ce, idonka yana buƙatar lokacin karanta wuri. Kuma ka auna da lokaci ba da kilomita ba: in minti 40 kake so, juya a minti 18, don dawowa takan fi tsawo, ga gajiya ga ɗan kuskuren kwana. In akwai tudu ko iska mai ƙarfi, fara da fuskantarsu tun kana da ƙarfi, su turo ka a dawowa.

Ga dabarar da ta fi kowace amfani: duk kwanar da ka sha, waiwaya ka kalle ta ta baya na daƙiƙa biyu. Haka za ta bayyana maka in kana dawowa, kuma wallahi ba ta kama da yadda ka gan ta a tafiya. Riƙe alama mai tsayawa wuri ɗaya, gada, hasumiya, gidan mai, babban allon talla, ba motar da aka ajiye ko mai tebur da zai iya tashi ba.

Iyafis a bar shi a ɗaki a fitar farko, in ba za ka iya ba to kunne ɗaya. Kunne yana jin babur ko keke ko taku kafin ido ya gani.

In ka lura shaguna sun ƙare, mutane sun ragu, ko kawai ranka bai kwanta da wurin ba, juya. Ba sai ka samu hujja ba. Kada ka yanke ta lungu don rage hanya, kada ka bi ƙarƙashin gada mai duhu don taswira ta ce nan ne kusa. In kana zargin wani yana binka, tsallaka titi ka shiga wuri mai mutane, shago ko otal ko gidan mai, kada ka nufi masaukinka kai tsaye. In kuma aka tare ka ana son waya, miƙa ta, waya ana sayen wata.

Barikin soja, fadar gwamnati, ofishin jakadanci da filin jirgi, ka wuce su ba tsayawa ba hoto. A ƙasashe da yawa ɗaukar hoton irin waɗannan wuraren laifi ne, kuma baƙo mai gudu da waya a hannu yana jan ido.

Kare: kada ka yi tsere da shi, ba za ka ci ba, kuma gudun ne ma yake tunzura shi. Tsaya, ba shi gefen jikinka, kada ka zuba masa ido, ja da baya a hankali har ka fita daga yankinsa. In ya cije ka ko ya yakushe ka, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 sannan ka tafi asibiti a ranar, ciwon haukan kare in alamunsa suka bayyana kusan ba a tsira, amma allura da wuri tana hana shi.

Ruwa kuma, gudun da bai kai awa ɗaya ba a yanayi mai sanyi ba lallai ka sha a hanya ba, a zafi kam ka riƙe gora. Ka tambaya ko ruwan famfon garin ana shansa kafin ka cika. In ka ji sanyi-sanyi cikin zafi, ko kai ya ruɗe, ko amai yana taso maka, tsaya nan take, nemi inuwa, zuba ruwa a kai da wuya, nemi taimako.

9. In ka ɓata

Tsaya da gudu, wannan ne na farko. Mai ci gaba da gudu bayan ya ɓata nisa kawai yake ƙarawa. Shiga shago ko ka jingina da bango kafin ka fito da waya, kada ka tsaya a bakin titi kana juya ta kowa ya san baƙo ne. A tsakanin dogayen gine-gine GPS yana ruɗewa, ɗigon ya yi ta tsalle daga layi zuwa layi, to ka fita fili ko mararraba, ka karanta sunan titi a allo ka nemo shi a taswira da kanka. In waya ta mutu, koma alamar ƙarshe da ka gane, ko ka nuna katin masauki ga mai shago. In abin ya ƙi, tasi. Kuɗin da ka sa a ɗamara don wannan ne, babu abin kunya a ciki.

10. Ranar da waje bai yiwu ba

Ruwan sama mai tsawa, iska mai datti, zanga-zanga a gari, ko an ce maka unguwar ba ta gudu ba ce, sai a koma ciki. In masaukin yana da jim, wato ɗakin motsa jiki, hau na'urar gudu, amma duba ko mil take ƙirgawa ko kilomita, mil 1 kilomita 1.6 ne, wanda ya danna 10 yana zaton kilomita alhali mil ne zai sha mamaki. In babu jim, matakalar bene tana aiki, hawa da sauri sauka a hankali na minti 15 zuwa 20, sai dai ka tabbatar ƙofar matakalar ba mai kulle kanta ta baya ba ce. Igiyar tsalle ma ba ta cin wuri a jaka. Kuma rasa gudu na kwana uku ko huɗu ba ya rage maka komai a jiki.

11. Abin da zai ci kuɗi

Taswira, Street View, parkrun da yawancin ƙungiyoyin gudu kyauta ne. Abin da za ka ware wa kuɗi: data ko layin waya na ƙasar, motar zuwa wurin gudu da ta dawowa, kuɗin shiga wasu lambuna da dazuzzuka (dajin Karura a Nairobi misali ana biya a ƙofa), tikitin jim na kwana ɗaya in masaukin ba shi da shi, da wanki. Manhajoji masu zana hanya suna da ɓangaren biya, amma don tafiyar mako ɗaya ba ka buƙatarsa. Wanda ba na so a yi wasa da shi shi ne inshorar lafiya ta tafiya, targaɗe ɗaya a ƙasar da asibiti ke da tsada ya isa ya cinye kuɗin tafiyar duka, ka kuma karanta ko ta haɗa da raunin motsa jiki.

12. Bayan ka dawo

Sanar da wanda ka tura wa lokeshan cewa ka iso. Sha ruwa, ci abinci, miƙe jijiyoyi.

Kafin ka ɗora gudun a Strava ko wata manhaja, shiga saitin sirri ka ɓoye farko da ƙarshen hanya, in ba haka ba ka nuna wa duniya ƙofar masaukinka da lokacin fitarka. A 2018 taswirar Strava ta tona wuraren sansanonin soja saboda gudun da sojoji suke ɗorawa, to balle kai. Mafi kyau ma ka bari sai ka bar garin sannan ka ɗora.

Kayan gumi ka wanke su nan take a wurin wanka da ɗan sabulu, ka matse, ka shimfiɗa su a tawul ka naɗe ka taka da ƙafa, tawul ɗin zai tsotse ruwan, sannan ka rataye inda iska ke bi, zuwa gobe sun bushe. Takalmi ka ciro shimfiɗar cikinsa ka cusa takarda. Ranar komawa in akwai abin da bai bushe ba ya shiga leda shi kaɗai, kuma ka fito da shi da zarar ka isa.

Tun hanyar tana sabuwa a kanka, buɗe taswira ka gyara ta gobe: inda ka ga masu gudu sun karkata ka ƙara, kwanar da ta ruɗa ka ka cire, inda aka toshe ka sa alama. A fita ta biyu za ka iya ƙara minti 10 ko ka mayar da je-ka-dawo ta zama zagaye, amma abu ɗaya za ka canza a lokaci guda, ko nisa ko hanya ko lokacin fita, ba duka uku ba.